Zinaren Kawu Rilwanu

Naushi na uku da wani ɓarawo ya kai ya zubar wa Kawu Rilwanu haƙora biyu, amma bai saki akwatinsa ba. Tsabar kuɗin zinaren Sifaniyawa ne a ciki, waɗanda aka tsamo daga wani jirgin ruwa da ya nutse shekara ɗari uku da suka wuce.

Ɓarawon ya karya masa hannu, ya fizge, ya bi titin unguwarmu ta Silver Spring a guje.

Da na je asibiti, na tarar Kawu yana kuka yana ce wa matarsa, "Hasiya, tarihi ya tafi!"

Anti Hasiya ta gyara awarwaronta, ta raɗa min, "Ki yi shiru. Tun bikin 'yarmu Najiba na kai su Dubai aka narkar aka yi min awarwaron nan, na zuba masa na jabu a akwatin. Shekara biyu ke nan yana yi wa baƙi lacca a kan gwangwani."