Idon Badaru da Katangar Yaya Dawuda

Kwana goma sha tara ke nan Badaru yana zama a kan turmi da sassafe, ya zuba wa katanga ido, ko ƙiftawa ba ya son yi.

Kada wani ya yi dariya. Badaru mai gyaran rediyo da wayoyi ne a bakin tashar Kusada, mutum mai zurfin tunani, sai dai garin bai iya gane mai daraja ba. A wata wayar da aka kawo gyara ya ga bidiyon wani mutum yana lanƙwasa cokali da kallo kawai. Mutumin ya ce in zuciya ta tsaya a kan abu ɗaya, ƙarfe ma sai ya rusuna. Sati guda Badaru yana hararar cokulan matarsa Murja, ko ɗaya bai motsa ba. Sai ya gano matsalar: ba shi da wata ƙullalliya da cokali. Dole sai abin da mutum ya tsana.

Katangar nan kuwa ya tsane ta.

Yayansa Dawuda ne ya sa aka yi ta bara, bayan sun yi cacar baki a kan iyakar gonar gado ta Kafin Soli. Ya kirawo Jaji magini daga Bauranya, aka raba gidan mahaifinsu biyu da tubalin ƙasa. Ɗakin mahaifiyarsu, Inna Hafsatu, ya faɗo ɓangaren Badaru. Jikokinta na wajen Dawuda sai dai ta jiyo muryarsu.

Tsohuwar kuwa kullum da safe sai ta ɗauki buta da ɗan ƙoƙonta ta tafi gindin katangar, awakinta uku suna biye da ita. Rikicin tsufa, in ji Badaru. Ai ga shi likitan Kankia ya hana ta gishiri saboda hawan jini, amma duk ranar kasuwa sai ta aiki Murja ta sayo mata.

Shi dai aikinsa yake yi. Yana kallo, yana cewa a ransa, "Faɗi." Awakin nan marasa tarbiyya su jeru a gindin katangar, kawunansu a ƙasa, su tare masa gani. Ya kora, su dawo. Duk da haka, kafin wata ya cika ya ga gindin ya rarake, ya yi sumul, ya shige ciki. Ranar har nama ya saya wa kansa.

Ruwan farko ya sauka ran Alhamis. Washegari da hantsi katangar ta zube, ta jawo rumfar girkin Sa'a matar Dawuda, randa da tukwane suka tarwatse. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki.

Murnar Badaru ba ta kai azahar ba. Dawuda ya kai Jaji ƙara zauren mai unguwa, ya ce aikin ha'inci ya yi masa. Jaji dattijo ne, shekara arba'in yana gini, ko rumbunsa ɗaya bai taɓa tsagewa ba. Kafin la'asar mutum biyu da suka yi masa maganar aiki sun fasa. Badaru ya hango shi zaune a ƙofar masallaci, hula a gwiwa, yana juya tafin hannunsa yana dubawa.

Da dare Badaru ya ture kwanon tuwonsa gefe. Ya tuna inda ƙaramar 'yar Dawuda take zama tana jiran ƙanzo, daidai ƙarƙashin rumfar nan. Ya sayi baƙin tabarau, ya riƙa tafiya kansa a sunkuye, kada ya kalli gidan wani.

Ran Lahadi aka zauna. Jaji yana shirin rantsuwa, Badaru ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ku sallami bawan Allah nan. Ni na kayar da ita."

"Da mi?" in ji mai unguwa. "Da diga?"

"Da ido."

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Haka mutanen garin nan suke, ko laifi mutum ya amsa ba za su girmama shi ba. Badaru ya daure ya zayyana komai, tun daga cokali har turmi, hawaye yana bin ƙasan tabarau.

Dawuda ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi ƙanensa.

"Badaru, wata guda kana zaune kana roƙon ta faɗi? Har haka ta tsaya maka a rai?"

"Ka yafe mini, Yaya."

"Ni za a yafe wa." Ya juya wajen magini. "Malam Jaji, na ci mutuncinka a banza. Gyara mana rumfa kawai. Katanga kuwa a bar ta inda ta kwanta."

Da yamma yara suka riƙa tsallake tarin ƙasa suna shiga ɗakin kakarsu. Badaru yana gefe a kan turminsa, kunya ta hana shi ɗaga kai, ko da yake, a faɗi gaskiya, yana ɗan mamakin baiwar da Allah ya yi masa.

Murja ta leƙa ɗakin tsohuwar. "Inna, gobe kasuwa. A sayo gishirin?"

Inna Hafsatu ta gyara wa jikarta zama a cinya.

"A'a, ɗiyata, bar shi haka nan. Wata takwas ina jiƙa shi ina shafa wa gindin katangar can, awakina sun lashe iya lasarsu."