Yaran Gindin Ɗorawa

Malam, na ji ana cewa tun da aka raba muku ajin yara a coci kake ɗaure fuska, wai sun fi sakewa da abokin aikinka. To gyara zama in ba ka wani misali, don ciwon nan na san shi, na kuma san inda yake kai mutum.

A wani ƙauyen Maguzawa da bishara ba ta daɗe da isa ba, an yi wata tsohuwa ungozoma. Ita ta fara karɓar Almasihu a garin, aka yi mata dariya har aka gaji. Manya ba su bi ta ba, suna nan riƙe da tsafin kakanninsu, amma sun yarda da ita, don rabin yaran garin ita ta yanke musu cibiya. Shi ya sa da ta roƙa a riƙa barin ƙanana su zo wurinta ranar Lahadi, iyaye suka ce su je mana, Iya ba ta cutar ɗan kowa. Yara ne da ko sunan Yesu ba su taɓa ji ba. In ta ce a rufe ido a yi addu'a, sai wani ya buɗe ido ɗaya yana leƙen ɗan'uwansa, a fashe da dariya. Haka ta yi ta fama da su a gindin wata ɗorawa, ta faɗa su maimaita, ta faɗa su maimaita, har "Ubanmu wanda ke cikin Sama" ta zauna a bakinsu. Ana nan sai aka turo wa garin mai bishara da matarsa, yarinya ɗanya shakaf, wadda tsohuwar ta yi jika da ita. Yara sun yi yawa, aka yanka rabi aka ba yarinyar. Ita kuwa salonta daban. In za ta ba da labarin tunkiyar da ta ɓata, sai ta ɗebo yumɓu kowa ya gina tasa tunkiyar, ta ɓoye guda a cikin ciyawa, a bazama nema. Wanda ya tsinta a ɗaga shi sama ana guɗa, sannan ta ce musu haka Yesu yake murna da kowannensu. Ayoyi kuma ta ɗora su a kan muryar waƙar gaɗa. Kafin a jima, yaran tsohuwa sun fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa inda ake tafi.

Kishi ya turnuƙe tsohuwar nan, kishi tsagwaronsa, kada wani ya sa masa wani suna. Ta san sarai yarinyar ba ta koyar da ƙarya, wannan ma shi ya fi ci mata rai, don da ta sami aibi ko ɗaya da ta sami sauƙi. Yaron da ta yi jinyarsa lokacin ƙyanda, shi ne yau yake wuce ƙofarta a guje, ko gaisuwa babu, yana rera ayar da wata ta koya masa. Takan ce a ranta, ita ta yi sassabe, ita ta yi shuka, baƙuwa ta zo tana cin tumu. Ba ta je wurin mai bishara ta faɗi damuwarta ba, ba ta kuma je ta ce wa yarinyar ta koya mata ginin tumakin ba. Ina, girma ya hana! Sai ta bi iyaye mata wurin sussuka, ta sassauta murya kamar mai ba da shawara, ta ce su sa ido a kan baƙuwar nan. Wai raina tsafin gida take cusa wa yara, gobe-gobe za su ƙi cin naman yankan ubanninsu, su ce kakanninsu ɓatattu ne. Lissafinta shi ne a kwashe su daga hannun baƙuwa a dawo mata da abinta.

Lahadi ta zo, ta share gindin ɗorawa tas, ta shimfiɗa tabarmi, har gyaɗa ta soya. Rana ta ɗaga, ko ɗan kowa bai leƙo ba. Ta hanga can, sai ga matar mai bishara ita ma zaune ita kaɗai da yumɓunta yana bushewa. Tsohuwa ta miƙe. Ta ja sanda ta nufi gidan mai garin ta tambayi lafiya, shi kuwa ya ce mata, "Iya, ke kika faɗa, kuma ba mu taɓa kama ki da ƙarya ba. Littafin da ke hannunta ai shi ne a hannunki. In nata zai raba mu da 'ya'yanmu, naki ma haka ne." In ta ce gaskiya ta faɗa, ƙofa ta rufu. In ta ce ƙarya ta yi, wa zai ba maƙaryaciya ɗansa? Daga ranar, duk Lahadi sai a kora yaran kiwon awaki, ita kuma tana zaune a ƙofar gida tana kallon wucewarsu, har addu'ar da ta sha wahalar koya musu ta zube daga bakinsu.

Ka ji, Malam. Tafi ka zauna a bayan ajin abokin naka ka ga abin da yake yi, ka bar ɗaure fuskar nan. Ba banza ba Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.