Katin Namijin Bishiya

Kati na dubu biyu da sha ɗaya take shigarwa a kwamfuta, tsohuwar fanka na ƙugi a kanta. Kowa ya fita cin abinci. Ita a nan take cin nata, tsakanin akwatunan busassun ganye, don ba wanda ya taɓa ce mata ta zo su je.

Mai Kati suke ce mata. Aikinta kwashe bayanan tsirran da ke neman ƙarewa daga tsofaffin katuna: suna, rana, da dogayen lambobin da ke nuna inda aka ga tsiron. Rabin katunan rubutun mijinta ne. Shekara talatin yana yawon daji ita tana gida tana kallon bango, ya dawo da ƙaya a wando da iri a aljihu, ko sannu da gida sai ya ga dama. Wallahi har ya rasu ba ta daina jin haushin itatuwan nan ba. Da aka rasa mai iya karanta wannan cakuɗaɗɗen rubutu nasa, sai aka ɗauke ta.

Ba son aikin take ba, amma ya fi zaman gida. Tun bara gidan ya yi fayau, rana na dukan tsakar gida tun hantsi, ko tsuntsu ba ya sauka.

Hankalin ofishin kaf yana kan wata bishiya da masu sassaƙar ɓawo suka kusa gamawa da ita. Iri ce mai mace da namiji, kuma mace ɗaya tal ta rage a gindin wani dutse. Duk shekara tana fure, furen ya zube a banza, babu namijin da zai sa ta yi 'ya'ya. Ga shi ta fara bushewa daga sama. Mai Kati ba ta taɓa ganinta ba, dogon sunanta na boko kawai ta sani.

Ranar nan sai ta ga wani kati manne a bayan wani. Sunan bishiyar nan ne. A ƙasa marigayi ya rubuta: namiji ɗaya, lafiyayye, ni na shuka. Babu gari, babu unguwa, lambobi zalla, yadda ya saba yi don kada masu gatari su gane.

Ta ɗauki katin ta nufi ofishin shugaba.

"Ranka ya daɗe, duba nan."

Mutumin ya karanta, ya miƙe tsaye. Kafin ka ce me an cika teburinta, har wata ta kawo mata shayi. Aka sa lambobin a na'ura, direba da jami'in daji suka fita a guje.

Ta zauna tana shafa katin. Ashe bawan Allahn nan ba a banza ya yi ta yawo ba. Karon farko ta ji kewarsa ba tare da haushi ba, har ta share ido da gefen mayafi.

Ko awa ba a yi ba waya ta yi ƙara. Jami'in ne.

"Mama, sai haƙuri. Cikin wani gida ne, a kulle. Mun leƙa ta katanga, kututture muka gani. Maƙwabciya ta ce matar gidan ce ta sa aka sare bara, wai ta gaji da sharar ganye."

"Innalillahi! Ku jira ta, ku ji ko ta ajiye wani abu."

"Maƙwabciyar ta ce ba sai mun jira ba. Wai a ofishinmu matar take aiki, wajen katunan marigayi mijinta."