Mai Zana Ƙeyar Auta

Auta tana tsakiyar yanke gefen wani katin barka da haihuwa, sai firinta ta yi gyaran murya ta fara jan takarda da kanta.

Ba ta taɓa komai ba, kwamfutar ma a kashe take. Ta tsaya da almakashi a hannu tana kallon takardar na leƙowa a hankali, kamar harshen mai yi mata gwalo.

Katunan gaisuwa na hannu su ne sana'arta. Takan sayi zane a intanet, ko ta ɗauki hoton mutum da waya, manhaja ta mayar da shi zanen baƙin layi mara kala. Sai a buga a takarda mai kauri, a shafa kala, a yanke, a manna. Da can aikin mutum biyu ne, ita da mahaifiyarta. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Inna, magana ta ɗauke, likita ya ce da wuya ta ƙara gane na gabanta, komai ya dawo kan Auta. Kowace safiya takan turo keken Inna gindin taga, ta kunna mata karatu a tsohuwar wayar da suke aikin zanen da ita a da, don ɗebe kewa, sannan ta juya ga teburinta.

Ta zaro takardar. Zanen wata mata ce zaune ta ba da baya, ta duƙa a kan teburi. Ga fanka, ga kwalbar gam, ga ɗaurin ɗankwali da ya karkace hagu. Auta ta kai hannu ta shafa nata ɗaurin. Hagu.

Ta waiwaya. Inna ce kawai, kai a langaɓe, sai taga a bayanta, labule na kaɗawa.

Washegari da hantsi firintar ta sake. Wannan karon matar zanen tana sanye da rigar da Auta ta saka a ranar, har da zaren da ya warware a kafaɗa. Zanen ya ɗan jirkice, kamar wanda aka ɗauka a ɓoye, cikin sauri. Auta ta kira yayanta makanike.

Ya iso da sifana a hannu yana hura hanci. Ya dubi zanen, ya dubi ƙanwarsa.

"Auta, ke dai da tsoro! Duk matan duniya, aljani ya rasa abin zanawa sai ƙeyarki? Me ya gani a ƙeyar?"

"Yaya, wallahi ba wasa nake ba. Zagaya bayan tagar ka duba."

Ya zagaya, amma sai da ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Bai samu kowa ba sai wata mage da ta kusa sa shi ya bar takalminsa a can.

Suka kira mai gyaran kwamfuta. Ya daddanna, ya sosa kai, sannan ya ce duk mai turo zanen nan ba daga nesa yake turowa ba, in ya yi nisa to ƙofar gida.

Dariyar Yaya ta ƙafe. Ya nemo katako ya bubbuge tagar da ƙusa, ya ƙara sakata a ƙofa. Ya ce in abin ya sake faruwa ta rufe aikin nan, ta kwaso Inna su koma wajensa. Auta ta ce to, duk da ta san a gidan Yaya Inna sai dai kwanciya a ɗakin baya, ba mai juya ta, ba mai yi mata hira.

Aka kwana biyu shiru. Auta ta fara cewa ƙila katako ya yi magani. Duk da haka ba ta zama sai da guduma a kan cinya, kuma rabin furannin da take shafa wa kala suna fita layi.

Ran nan da rana tsaka, ƙofa a kulle, taga a toshe, firinta ta yi gyaran murya.

Auta ta ɗago kai. Daga inda take ta hango zanen yana fitowa: ƙeyarta, kafaɗarta, da kan guduma yana leƙowa ta gefen kujera. Gudumar da ba wanda zai gan ta sai wanda ke cikin ɗakin.

Ta leƙa ƙarƙashin teburi. Ta fizge ƙofar kabad ta ja baya da ihu, kwalayen ambulan suka zubo mata a ƙafa. Ba kowa. Wannan ba kowan ya fi komai ba ta tsoro.

"Inna, tashi mu tafi," ta ce, ta manta Inna ba ta tashi. "Sana'ar ta ci kanta. Ba zan bari wani abu ya same ki ba."

Ta durƙusa gaban keken tana kiciniyar sakin birki, hawaye na zuba. A bayanta firinta ta sake jan takarda. Ta juya da ƙyar. Ba ƙeya ba ce yanzu. Fuskarta ce, dab da dab, ido a waje, a durƙushe kamar yadda take a wannan lokacin.

Sai a sannan ta lura karatun nan ya daɗe da yin shiru. Ta sauke ido a hankali kan cinyar Inna, inda tsohuwar wayar ke jingine tana kallonta, babban yatsan hannun Inna mai lafiya yana kan wurin tura zane zuwa firinta, Inna kuma ta kafe ta da ido tana nuna kwalin alƙaluman kala da haɓa.