Cigiyar Ɗan Fari a Bakin Dillaliya

Kin ce in zaɓa miki manhajar binciken da za ki riƙa yi wa tambaya a waya, Tasalla, wai akwai mai saurin amsa amma tana adana duk abin da kika tambaya, akwai kuma mai nawa da ba ta riƙe komai. Ni da ko lambar wayata ban haddace ba, ina ni ina zaɓa miki? Sai dai gyara zama ki ji wani misali.

An yi wata mata mai kaɗin auduga wadda ɗanta na fari ya bar gari. Wutar da ya cinna a sharar gona ce ta ƙwace ta cinye rumbunan gandu, baffanninsa suka rantse sai sun kai shi gaban alƙali, shi kuwa ya sa ƙafa ya tafi ba sallama. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru. Kin san kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta iya faɗa, balle ta fita cigiya. Kewa kuwa ta ci ta. In ta tuƙa tuwo sai ta ga ta kwashe malmala ɗaya fiye da mutanen gidan. Ba so take ya dawo a kama shi ba, so take kawai ta ji yana raye, ta aika masa da ɗan yaji da daddawa. Mata biyu ke shigowa gidan da za ta iya tambaya. Akwai wata tsohuwa mai sayen zare, kasuwannin da take ci kaɗan ne, amma abin da ya shiga kunnenta ya shiga ke nan. Akwai kuma dillaliya, wadda ba gidan da ba ta sani ba daga nan har bakin kogi, kuma kyauta take ba da labari, don labarin ne ke buɗe mata ƙofofi. Matar ta san halinta sarai, a bakinta ta sha jin asirin maƙwabta tana dariya. Da ta fara tuntuɓar tsohuwar, sai ta ce a ba ta lokaci, wataƙila zuwa kaka. Haƙurin uwa ya ƙare, ta ja dillaliya ƙuryar ɗaki ta raɗa mata.

Kafin kasuwa ta zagayo amsa ta zo: yana wani gari a bakin kogi yana taya masunta jan taru, lafiyarsa lau, har ya yi ƙiba. Ran nan matar ta yi kukan daɗi, ta hau daka yaji. Ba ta gama tankaɗe ba sai ga mai magani yana sallama, wai ya ji ana neman kiranye, maganin dawo da wanda ya yi nisa. Yana tafiya ga wata da laya. Nan ta gane magana ta fita. Dillaliya ba ƙeta ta yi ba, sana'arta ta yi, duk gidan da ta yi tambaya sai ta ce uwar wane ce ke nema. Baffanni suka ji, suka yi sammako. Saurayin ya hango su daga cikin kwalekwale, ya haye ƙetare, ya bar wa masunta saƙo: "Ku ce wa Inna na ji ita ta nuna inda nake." Daga ran nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta tsufa tana leƙen zaure duk sanda aka yi sallama da muryar namiji, ba don komai ba sai ta samu ta ce masa ba haka ta nufa ba. Ni labarin nan har yau yana sosa mini rai.

Kuma ba ta taɓa zagin dillaliya ba, don ta san da wa ta yi magana. To, Tasalla, tambayar farashin tumatir ki yi wa kowa. Amma wadda ke hana ki cin abinci, ki duba kunnen da za ki zuba ta, ko da amsar za ta yi jinkiri. Hausawa sun ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.