Baƙin da Suka Ƙi Zuma

Akwai wata mata da ta shuka wake a bayan ɗakinta. Ba shi da wani yawa, amma iri ne na gidansu, wanda mahaifiyarta ta ƙulla mata a bakin zane, in ya lalace ba inda za ta samo wani. Waken ya yi kyau har ya fara fure, sai ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye su bar shi yana danƙo. Kullum da safe takan tsuguna ta yi ta kallo, ranta ba daɗi. A wajen kallon nan ne ta lura da wasu 'yan ƙwari jajaye masu ɗigon baƙi a baya, suna bin darɓar suna lamushewa ɗaya bayan ɗaya. Murna ta kama ta. Ta ce a ranta, ai waɗannan baƙin arziki ne, kuma baƙo ba a barinsa yana cin ƙazanta. Sai ta tsince waɗanda hannunta ya kai, ta zuba a sabuwar ƙwarya, ta rufe da tsohon gidan sauro, don su hayayyafa su zame mata masu gadi. Ta ɗiga musu zuma a auduga, ta barbaɗa gari, har ɗan guntun fura ta ajiye musu a gefe. Mijinta ya leƙa, ya yi dariya ya ce, “Uwargida, ni da na kawo zumar ko lasa ban yi ba.” Ita dai ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Kwanaki suka wuce. Baƙin suna lasar zumar, ba su mutu ba, amma sun yi sanyi, kuma ko ƙwai ɗaya ba su ajiye ba. Darɓa kuwa sai ƙaruwa take. Wata safiya ta je can ƙarshen shukar, jikin danga, inda hannunta bai kai ba ranar tsince. Ta ɗaga ganye, sai ga ƙwai rawaya a jere a tsaitsaye, ga 'ya'ya baƙaƙe kamar ƙananan ƙadangaru suna ta wawar darɓa, ga iyayensu ɓul-ɓul suna sheƙi. Nan ta gane darɓar ce abincinsu na gaskiya. Daga nan ta tashi ta ɗauko ƙwaryar, ta juye ta a kan ganyen da ya fi lalacewa, tana ba su haƙuri ƙasa-ƙasa. Kafin wata ya zagayo, jajayen sun cika wurin, sabon toho ya fito tas. Da kaka ta yi, ta cika ƙwaryar nan da iri, har ta aika wa mahaifiyarta. Sauran zumar kuwa mijin ya samu rabonsa a koko.

Abin da ya so kashe mata wake, shi ya raya masu gadinta. Dama Hausawa sun faɗa: abincin wani, gubar wani.