Telan da Ya Daina Rufe Ƙwaya da Hula

Ɗana, ka ce abokan wasanka sun watse, kai kuwa ba abin da ba ka sauƙaƙa musu ba. To zauna ka ji.

An yi wani tela mai jan irin wasan nan naku. Bayan La'asar sai ya share teburin yanka, ya zana daji da kogi da alli, ya ba kowa maɓalli ɗaya, shi ne jaruminsa. Shi ke ba da labari, ƙwayar lido ke yanke hukunci: shida ka tsira, ɗaya ka halaka. Sai dai bawan Allahn nan tausayi ya yi masa yawa. Cire hularsa yake yi ya kare, a bayanta yake jefa ƙwayar, in ta faɗi mummuna ya ce, “Shida ce!” Wani mahauci cikin 'yan wasan ya harbo jirginsa, ya sa jaruminsa ya je ya ja gemun zaki. Zaki ya yi hamma ya juya. Haba! Daga ranar sai hamma ta koma bakin 'yan wasa, ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki zuwa gidan kallon ƙwallo. Tela ya zauna shi da maɓallansa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don majalisar nan ita ce daɗin yininsa.

Da ƙyar ya lallaso su suka dawo. Ya mayar da hula kansa, ya jefa ƙwaya a fili, idon kowa a kai. Jarumin mahauci ya faɗa kogi gaba-gaɗi yadda ya saba, ƙwaya ta nuna ɗaya, kada ya yi gaba da shi. Mahauci ya buga tebur, ya ce shi da shagon nan har abada. Washegari wa ya riga kowa zuwa? Shi ne, ya tsinko maɓalli daga rigarsa, yana tambaya ko akwai mashigi ta wani wajen. Suka yi ta shawara, jarumansu suka ɗaure gora suka yi abin haye kogi, gabansu na faɗuwa duk jifa. Ranar da suka haye, ihun da suka yi sai da mai shayin maƙwabta ya leƙo a guje. Tela kuwa sai da ya ƙaro benci.

Kai ma mayar da hularka kanka, ɗana. Hausawa sun gama magana: kowa ya ci zomo, ya ci gudu.